Estana Cikin Buhun Masara

Tun da na fara sana'ar ɗaukar hoton biki a Malumfashi, ban taɓa yin gardamar da ta kai ta estana tsawo ba. Ga wanda bai san ta ba, estana ita ce 'yar ma'ajiyar nan mai kamar sandar sabulu, wadda ake jona wa kwamfuta da waya a zuba mata hotuna da bidiyo. Mu masu hoto ita ce rumbunmu. Kamu, ɗaurin aure, suna, walimar sauka, duk abin da kyamara ta haɗiya can yake kwana. Ranar da ta lalace kuwa sai ka nemi inda za ka ɓuya wa dangin amarya.

Abokin gardamar tawa mai shagon kayan kwamfuta ne a Funtua. Ɗan Ibo ne, amma a Funtua aka yanke masa cibi, kuma wallahi Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam mai hoto. A shagonsa ba ma kiran estana da sunan kamfaninta, wa ke da lokacin lanƙwasa harshe? Da launin rigarta muke kiran ta. Akwai baƙa, akwai ja, akwai shuɗiya. Ni ɗan baƙa ne, ban ɓoye ba. Oga ɗan ja ne. Akwai wani dattijo mai buga katin biki a shagon kusa da yake tsaya wa shuɗiya, amma shi ba ma cika sauraronsa ba.

Kowa da hujjarsa. Oga ya ce akwai mai hoto a Maska da jarsa ta faɗo daga kan babur, mota ta kusa take ta, ya ɗauka ya hure ta ci gaba da aiki. Ni in ce baƙata ta wuni a but ɗin mota cikin zafin bazara, ta fito ko gezau. Ya ce baƙa tsada ce kawai da kwalliya. In ce ja ai sai wanda ba shi da abin asara. Haka za mu yi ta yi, kamar yadda manoman garinmu ke gardamar irin masara, wannan ya ce farar ta fi auki, wancan ya ce jar ta fi jure fari, har la'asar ta yi ba wanda ya motsa daga inda yake.

In gardama ta yi zafi, Oga yakan jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburinsa. Maƙabarta yake ce masa. Estanonin da suka mutu ne aka kawo masa gyara suka gagara, ga ja, ga shuɗiya, ga baƙa, duk a kwance tare.

"Malam mai hoto, duba da kyau. Ka ga launin da babu a nan?"

"Baƙaƙen nan masu su ne suka kashe su da ganganci," in ji ni.

"Jajayen fa?"

"Su kam ajalinsu ne ya zo da wuri, haka aka ƙera su."

Sai ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ni da gaskiya ko a hanya ba ma gaisawa.

Ranar da na sayi babbar baƙata, wadda na daɗe ina mafarkinta, na tsaya a gaban teburin na ƙi tafiya. Ya ce me kuma? Na ce gyara. Ya ce gyaran me, nan ka ga tumatir? Na ce ko mai tumatir ta san mutunci, ka auna ta ƙara maka biyu a kai, balle kai da na yi shekaru ina ciniki a wajenka. Ya yi tsaki, ya tona wata durowa, ya fito da wata tsohuwar estana mai ruwan toka. Takardar sunanta ta ɓare, kusurwa ɗaya ta tsage an naɗe da salatif.

"Ungo gyara. Ba ta da uwa ba ta da uba, ni kaina ban san kamfaninta ba. In ta mutu kada ka dawo mini da gawa."

Na karɓa ina yatsina fuska, na jefa ta aljihun jaka tare da batura.

To, yanzu sai in faɗi abin da ke cikin baƙar da ya fi duk bikin duniya a wajena.

Baba manomin masara ne a Ƙarfi, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Hali ɗaya kowa ya san shi da shi: bai taɓa yarda masararsa ta tafi kasuwa shi yana gida ba. Ko buhu ɗaya ne sai ya haye bayan motar ya zauna a kai, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya dafe da hula. Inna ta yi faɗan har ta gaji. Ga Yaya, babban ɗansa, ga dillali, me zai kai tsoho saman kaya? Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, shi ya shuka ta, shi zai ga wanda zai ɗauke ta.

Shekarar da na sayi kyamarata ta farko na je gona da kaka don in gwada ta. Na same shi zaune a gindin tulin masara yana ɓara. Abin da ya fara faɗa a bidiyon shi ne, "Kai, kawar da wannan abin daga fuskata, ba ka ga aiki ba?" Ban kawar ba. Can ya manta da ni, ya ci gaba da ɓara, yana yi wa Yaya faɗa a kan ɗinkin buhu, yana ɗan gunguni a hanci kamar waƙa. Sai ya ɗaga kai ya dubi bayana, inda Inna ke tahowa da ƙwarya a ka, ya ce, "Ke, kin kawo ruwan kuwa?" Iska ta ɗauke amsar da ta ba shi, amma dai ya yi dariya har ana ganin giɓinsa. Iyakar bidiyon ke nan. Kafin wata kakar ta zagayo Allah Ya karɓi abinsa, kuma ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan.

Duk Sallah nakan zo gida da kwamfuta, a kife turmi a tsakar gida a ɗora ta, a taru. In an zo wurin da ya ce, "Kin kawo ruwan kuwa?" sai Inna ta amsa da ƙarfi, "Na kawo, Malam." Sallar farko duk sai da muka yi kuka. Daga baya jikoki suka gane, suna jiran wurin suna ƙunshe dariya, ita ko a jikinta. Amsa take yi duk shekara.

Wata ƙaramar Sallah na dubi hanyar Ƙarfi, na dubi baƙata, na ce ina, ba zan jijjiga wannan a kan babur ba. Sai na kwafi bidiyon Baba a 'yar tokar nan ta gyara, dama ina so in ga ko tana numfashi. Ta yi aiki kuwa, aka kalla, Inna ta amsa. Ina naɗe waya sai ta miƙo hannu.

"Auta, a cikin wannan sabulun yake?"

"A ciki yake, Inna."

"To bar mini shi nan. Mutum da gidansa ka riƙa yawo da shi a jaka."

Na ce Inna, ai ba ki da kwamfuta, ba abin da za ta yi miki. Ta ce ita ba ta tambaye ni abin da za ta yi mata ba. Na bar mata. Me na rasa? Baƙata na gida cikin soso, a kan kanta, inda ko matata ba ta taɓawa.

Damina na faɗuwa, babbar Sallah na matsowa, wata safiya na jona baƙar sai na ji ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na cire na sake jonawa. Ƙyas, ƙyas. Na canza waya, na canza kwamfuta, na hure ta, na yi bisimilla na sake. Ƙyas. Gumi ya karyo mini har tafin ƙafa. Ayyukan mutane da sauƙi, na riga na miƙa wa kowa nasa. Amma Baba! Kwamfutar an wanke ta tas watannin baya, katin kyamarar farko kuwa an yi ta ɗaukar wasu bukukuwa a kansa tun tuni. Tsabar ruɗewa ko tunawa da 'yar tokar ban yi ba. Na naɗe baƙar a rawani na hau motar Funtua.

Oga ya jona ta, ya kara ta a kunne kamar likita, ya daɗe yana saurare. Na jira ya fara tsokana, ya ce ina ɗan baƙa, yau ga ranarka. Bai tsokane ni ba, sai ya ajiye ta a kan tebur a hankali. Dattijon shuɗiya ya leƙo ya ce a sa ta a firji, ya ji ana yi. Wani mai gyaran waya ya ce a ɗan ƙwanƙwasa ta da gefe. Na ce duk wanda ya ƙwanƙwasa ta zan ƙwanƙwasa shi.

"Allurar ciki ta ci faifan," in ji Oga a hankali. "Ko ina ka kai ta, ba na jin za a samu komai. Me ke ciki?"

Na ce Baba. Ya san labarin bidiyon, na sha ba shi. Ya sunkuyar da kai, sai kuma ya ɗago da sauri.

"Ina gyarana?"

Kai! Kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce tana Ƙarfi wajen Inna, kuma bidiyon na ciki. Ya ce to me kake yi a nan, tashi ka ɗauko ta, kada ka jona ta a ko'ina sai a gabana.

Na isa gida da yamma. Inna na tankaɗe, na durƙusa na gaishe ta sama-sama na ce ina sabulun nan? Ta ce yana nan lafiya lau, ta adana shi inda ɓarawo ba ya tunani. Nan take na gane. A gidanmu tun kakanni, abu mai daraja cikin hatsi ake binne shi. 'Yan kunnen zinariya, azurfar gado, duk a tura su tsakiyar buhun da ke can ƙuryar ɗakin hatsi, wanda za a ci a ƙarshe. Hatsi busasshe ne, ba zafi ba laima, kuma ba mai farke buhu yana neman ɗan kunne. Ta karkaɗe hannu ta shige gaba ina biye. Muka shiga ɗakin, ta nufi ƙurya, sai ta tsaya cak. Ƙuryar wayam, sai wata roba da aka tara wa yayyo.

Aka kira Yaya daga gona. Ya shigo da fartanya a kafaɗa ya ce ai ruwan farko kwanon ƙuryar ya yi yayyo, shi ne ya kwaso buhunan ciki ya jera su bakin ƙofa. Shekaranjiya kuma ranar kasuwa ya ɗauki na bakin ƙofar ya kai Malumfashi don ya samo taki.

Inna ta sulale ta zauna a ƙasa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An sayar da Malam."

Ni kuwa bakina ya ɓalle. Na ce Yaya, kai wane irin mutum ne, ka ɗauki buhu ba ka tambaya? Ya ce in tambayi wa, masarar? Ni duba nake yi da zan san an sa Baba a buhu? Na ce ko ɗinkin ba ka gani ba? Ya ce kai da ka san ɗinki me ya hana ka zo ka yi noman? Muka yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Inna ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, ko magana ba ta cika yi masa kai tsaye ba. Sai ta dube ni ta ce, "Auta, gaya wa wancan, buhun da jan zaren ulu na ɗinke bakinsa. Kuma ku bar hayaniyar nan, gobe da ni za a je."

Inna da ko asibitin Malumfashi sai an yi da gaske take zuwa! Muka ce ta zauna mu je. Ta ce ita ta sa shi, ita za ta fito da shi.

Washegari da sassafe muka samu dillalin a rumfarsa yana shan shayi. Ya ce ai kayan ranar ba su kwana a Malumfashi ba, wani Alhaji mai sito a Funtua ya kwashe duka. Ya ƙara da cewa mu yi sauri, don Alhajin tirela yake lodawa zuwa kudu, wajen masu haɗa abincin kaji. Yaya ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan, kaji za su ci Baba." Na ce rufe mana baki. Amma ni ma abin da ke raina ke nan, ina ganin injin niƙa yana haɗiye buhun da abin da ke ciki.

Muka hau motar Funtua. Gefen hanya mutane sun duƙufa shuka, ƙasa ta yi baƙi da ruwa. Inna na tsakiyarmu da carbinta, direba na ta tsayawa ɗaukar fasinja, ni kuma ina ta yi masa masifa har ya ce in motar ba ta yi mini ba in sauka in tashi sama.

Mun isa siton tirela na tsaye a ƙofa, 'yan dako na hawa da sauka, an kusa cika ta. Buhuna ne iya ganinka, duk kamarsu ɗaya. Alhajin na zaune a kan benci, riƙe da ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a zaro ƙwaya a duba. Muka yi sallama, Yaya ya ce shi ne mai masarar Ƙarfi da dillali ya haɗa su ranar kasuwar Malumfashi.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Au, kai ne mai dutsen?"

"Wane dutse, Alhaji?"

"Ka ji shi! Na soka ƙarfe a buhunka na ji ƙwas. Na sake sokawa, ƙwas. Malam, shekarata nawa a harkar nan? Ku sa dutse a tsakiya don buhu ya yi nauyi, ku ɗinke da jan zare kamar abin arziki. Na ware shi gefe, dama jira nake in aika a kira ka a farke a gaban jama'a."

Tabɗi! Yaya da ba ya son raini, sai ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ce mu? Mu za mu sa dutse? A je Ƙarfi a tambaya, uban da ya haife mu ko tsakuwa ya gani a masara sai ya tsince ta! Ni kuma maimakon in tare shi sai na taya shi, alhali a cikina murna ce kamar in yi rawa, don na ji an ce an ware buhun gefe. 'Yan dako suka ajiye aiki suka zagaye mu. Ana cikin haka Inna ta matso daga bayanmu, ta gyara hijabi.

"Alhaji, ba dutse ba ne. Maigidana ne."

Alhaji ya miƙe tsaye a hankali, ƙarfen ya faɗi daga hannunsa. Wani ɗan dako ya ja da baya yana salati. Sai da na yi sauri na shiga tsakani na yi bayani, hoto ne, murya ce, a cikin wata 'yar na'ura. Alhaji ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Hajiya, kin kusa tsinka mini hanji." Ya sa aka jawo buhun daga bayan ƙofa. Ga jan zaren nan, ɗinkin Inna ƙanana-ƙanana kamar na bakin zane.

Ba ta bari an sa wuƙa ba, da hannunta ta warware zaren. Ta naɗe hannun riga ta zura hannu cikin masarar har kafaɗa, tana lalube, fuskarta a ɗaure. Can ta zaro wani gwangwanin madara mai murfi. Gefensa ya lotsa wuri biyu inda ƙarfen Alhaji ya same shi, ɗaya har ya ɗan huje. Ta buɗe. A ciki tsohuwar hular Baba ce, wadda yake dafewa a saman kaya, a cikin hular kuma ga 'yar tokar da salatif ɗinta.

Alhaji ya ba Yaya haƙuri har sau ba adadi, ya sa aka cike buhun aka ɗinke. Sannan ya ce shi fa ba za a yi wannan babu shi ba, sai ya ga mutumin da ya kwana uku a sitonsa. Ya zuba mu a motarsa har shagon Oga.

Oga na ganin Inna ya fito da gudu ya durƙusa, "Sannu da zuwa, Mama," ya goge mata kujerarsa ta zauna. Ya karɓi estanar da hannu biyu, ya hure ƙaiƙayin da ke bakinta. Wani ɗan ƙwaron masara ya fito daga gwangwanin ya bi kan tebur abinsa. An ɗauke wuta, sai da aka tayar da janareta, Oga ya ce a jira ta daidaita tukuna. Ni dai idona na kan 'yar tokar. Ta sha jijjiga a bayan mota daga Ƙarfi zuwa Malumfashi, daga can zuwa Funtua, an jefa ta, an danne ta da buhuna, an soke ta da ƙarfe. Baƙata da ke kwana a soso ma ta mutu, ina ga wannan marainiyar?

Ya jona. 'Yar fitilarta ta yi ƙyaf, ta ɗauke, ta sake kawowa. Oga ya kara kunne. Na ce me ka ji? Ya ɗaga mini hannu. Ba ƙyas ko ɗaya, sai wani siririn sauti mai santsi. Sai ga ta ta bayyana a kan allon kwamfutar, ga bidiyon Baba kwance a ciki.

Na yi kabbara har dattijon shuɗiya ya shigo a guje. Na kai hannu zan kunna, Oga ya buge mini hannu.

"Ba mai kallon komai sai na kwafe."

Ya ɗauko sabuwar ja ya jona. Dattijo ya ce a sa a shuɗiya ma, ya je ya kawo tasa. Ni kuma na ce ai ba za a yi ba baƙa ba, a ba ni sabuwa. Oga ya dube ni ya ce, "Har yanzu?" Na ce har gobe, waccan tsautsayi ne. Ya ce ɗaya ta zauna a Funtua, ɗaya a Malumfashi, ɗaya a Ƙarfi, kuma in na sake tara Baba a wuri ɗaya shi da kansa zai kai ƙarata wajen Mama.

Ana kwafa muka koma gidan jiya. Oga ya ce ya rantse in aka buɗe rigar tokar nan, ja ce a ciki, ya san aikinsu. Na ce ƙarya ne, wannan juriya ta baƙa ce, rigar kawai aka canza mata. Dattijo ya ce ku duba kusurwarta, yankan shuɗiya ne sak. Alhaji da bai san kan zancen ba ya ce shi dai a ganinsa masarar ce mai kyau. Oga ya jawo sukundireba ya ce bari a buɗe a raba gardama.

"Wanda ya taɓa shi da ƙarfe," in ji Inna daga kan kujera, "ni da shi ne. Sukar da ya sha ta isa."

Oga ya mayar da sukundirebar durowa. Har yau ba mu san kamfanin da ya yi ta ba.

Da aka gama, ya jona babban allon shagon, ya ƙara murya. Sai ga gonarmu, ga tulin masara, ga Baba da hularsa, ita wannan da ke kan cinyar Inna. "Kai, kawar da wannan abin daga fuskata, ba ka ga aiki ba?" Yaya ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Alhaji kuwa ya matsa kusa da allon, ya ƙura ido, sai ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ai na san shi! Tsohon nan ne da ba ya sauka daga kan kaya sai ya ga mai saye. Na sha sayen masara a hannunsa a Malumfashi. Allah Ya jiƙansa, ashe shi ne."

Muka ce amin. Inna ta gyaɗa kai, idonta na kan allon.

"Halinsa ne, Alhaji. Bai taɓa bari masararsa ta tafi kasuwa yana gida ba. Ni ce na manta na sa shi a ciki."

A allon Baba ya gama faɗan ɗinkin buhu, ya yi ɗan gunguninsa, ya ɗaga kai ya dubi bayan kyamara. Duk shagon aka zuba wa allon ido, har mai gyaran waya da ke leƙe ta taga.

"Ke, kin kawo ruwan kuwa?"

"Na kawo, Malam," in ji Inna. "Sannu da kasuwa."

Baba ya yi dariyarsa har ana ganin giɓin. Ta jira sai da hoton ya tsaya, sannan ta miƙa wa Oga hannu ya cire mata estanar. Ta naɗe ta a hular, ta mayar cikin gwangwanin, ta danne murfin da tafin hannu, ta ce in gaya wa wancan ya nemo mota, za su koma gida.